Idan Mutum Ya Ajiye Hula

Gyaɗi-Gyaɗi, Laraba bayan azahar

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da kyakkyawar gaisuwa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ko a mota ka buɗe ta ko sai ka sauka Gombe. Allah ya tsare hanya, ya kiyaye ku daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum, ya haɗa ku da direba mai haƙuri, ba irina lokacin ƙuruciya ba. Mahaifiyarka ce za ta sa maka ita a jaka, domin na san in ni na miƙo maka za ka karɓa da hannu biyu don ladabi, ka cusa a aljihu, sai ranar wanki a tsince ta.

Yau kwana tara ke nan ba ka gaishe ni da baki ba. Kana zuwa ka durƙusa, ka tashi, ka fita. Ban ga laifinka ba. Bari in faɗi abin da ya faru yadda yake, don kada mu yi ta zagaye. Ka sayar da adaidaita sahunka, wanda ka yi shekara huɗu kana faɗi tashi tsakanin Unguwa Uku da ƙofar asibiti kafin ya zama naka, ka zuba kuɗin a wasan karta na cikin waya, wanda kuke kira poka, ka danna sau ɗaya ya tafi. Malam Hadi na Daurawa da ya saya mutumin kirki ne, ya ce in aka mayar masa da kuɗinsa kafin ƙarshen wata zai dawo da keken. Ni kuma an biya ni kuɗin sallama daga aiki, ka sani, mahaifiyarka ta sani, duk layinmu sun sani. Na ƙi fanso maka shi. Na yarda da maganar Kawunka Sale, cewa ka bi shi Gombe ka yi aiki a shagon hatsinsa, ka bar babbar wayarka a gida. Kana ganin na fi son kuɗina a kanka. Abin da ya sa na zauna rubutu ke nan, don ba na so ka bar gidan nan da wannan a ranka.

Kai ne ɗan farina, kuma sunan mahaifina gare ka, shi ya sa tun da aka haife ka ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, ban taɓa zaunar da kai mun yi hira mai tsawo ba. Mutanenmu suna kiran wannan alkunya, kuma abu ne mai kyau. Amma ni na fake da ita na ɓoye abin da ya kamata ka sani tun tuni. To ga shi: wasan nan da ya cinye maka keke, na buga shi tun ba ka fara tafiya ba, kuma na fi ka iyawa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Lokacin ana acaɓa a garin nan, ni kuma sabon direba ne a babban asibiti, ina tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya. In na yi aikin safe nakan tashi da azahar, in bi ta Tarauni in tsaya wurin Iliya mai faci. Ka san shi, tsohon nan da muke gaisawa a masallacin Juma'a, mai ɗingishi. A bayan rumfarsa akwai bishiyar darbejiya da tabarma, a nan muke zama mu biyar ko shida har a kira la'asar. Iliya ya koyi wasan wurin wani direban Kwara, shi ya koya mana. Yadda yake a wayarka haka yake a tabarma: kowa a ba shi kati biyu a hannu, a riƙa shimfiɗa guda biyar a tsakiya kaɗan-kaɗan, kowa yana ƙara kuɗi ko ya janye.

Kuskurena na farko shi ne na gaya wa kaina wannan ba caca ba ce. Na ce caca ita ce ta masu jefa ƙwandala su jira sa'a, wannan kuwa aikin ƙwaƙwalwa ne, sai mai lura. Kuma da gaske ina da lura. Na san in Iliya ya daina tauna goro, hannunsa ya yi kyau. Na san wani tela da ke zama da mu, in ya fara waƙa ƙasa-ƙasa to ba shi da komai. Ina cin su, ina jin kaina malami. Ranar da kawunka ya tambaye ka, na ji ka ce masa, "Kawu, ba sa'a ba ce, lissafi ne." Sai da na sunkuyar da kai, don kalma-kalma abin da na gaya wa mahaifiyarka ke nan ranar da ta tsinci kati a aljihun rigata. Ka sani, iyawa ba ta fitar da mutum daga caca, zaunar da shi take yi. Wanda bai iya ba ana cinye shi cikin mako ɗaya ya gudu. Gwani shi ne yake daɗewa har ya rasa abin da ba a mayarwa. Duk ranar da ka ji ranka yana ce maka kai daban ne, ka tashi daga wurin.

Muna da wata al'ada a tabarmar nan, ita nake so ka gane, don a kanta duk maganar take. Idan mutum ya tura duk abin da ke gabansa, bai rage ko sisi ba, sai ya cire hularsa ya ajiye a kan tabarma. Ba sai ya yi magana ba. Kowa ya ga hula a ƙasa ya san mutumin nan ya gama. Ba zai iya ƙarawa ba, ba kuma wanda zai iya korarsa, dole a kai ƙarshe a buɗe katinsa. A wayarka maɓalli ne kake dannawa, babu hula, babu ido, shi ya sa ya zo maka da sauƙi. Mu sai ka tuɓe kanka a gaban mutane, iska ta bugi ƙeyarka, ka ji abin da ka yi.

Kuskurena na biyu a nan yake, kuma ƙarami ne a kan na gaba. Wata rana wani lebura, baƙo ne da ya zo aikin gini a Daurawa, ya ajiye mini hula. Katina ba shi da ƙarfi, na sani sarai. Amma mutane suna kallo, tela yana cewa, "Au, Sabo, yau baƙo zai kore ka?" Sai na bi shi, ina zare masa ido, wai zan tsorata shi. Yaya za ka tsorata wanda ya riga ya ba da komai? Tsoro na mai sauran abu ne. Mutumin ya zauna yana sakace haƙori har aka buɗe, ya kwashe, ya sa hularsa. Iliya ya ce mini, "Wanda ya ajiye hula ya gama tunani, kai ne ba ka gama ba. Ka duba hannunka kawai. In ya fi nasa ka bi, in bai fi ba ka bar masa, ba abin kunya ba ne." Wannan ka riƙe shi a kasuwar Gombe. Za ka haɗu da mutumin da ya zo rigima ba shi da abin asara, ɗan dako ne ko mai saye. Kada ka auna shi da zafin kai, kada kuma ka biye wa 'yan kallo, su ba abin da suka sa.

Al'adar tana da sauran ƙa'ida. Idan mutum ɗaya ya ajiye hula, kuma akwai mutum biyu da suka rage a wasan, abin da ya zuba da kwatankwacinsa daga kowannensu shi ne tulin tsakiya. Duk abin da biyun nan za su ƙara bayan haka gefe ake ajiye shi, mai hula ba shi da rabo a ciki. To a wurinmu, in gefe babu komai, mutum biyun nan ba sa faɗa da juna. Kowa sai ya ƙwanƙwasa tabarma da yatsa, alamar bai ƙara ba, a ci gaba da buɗe kati har ƙarshe. Muna kiran wannan rakiya. Dalilin a fili yake: hannu biyu sun fi ɗaya iya kayar da shi. In ka ƙara kuɗi alhali katinka banza ne, ba ka ci komai ba, don gefe fanko ne, mai hula kuwa yana nan daram. Abin da ka yi kawai shi ne ka kori mutumin da wataƙila shi ne zai kayar da shi.

Wanda aka yi wa rakiya ya faɗi, abubuwa uku ne nasa. Wanda ya ci zai ba shi kuɗin mota. Za a ɗauki hularsa a miƙa masa, don hula ba ta shiga ci, duk tsiyar wasa. Sannan ba zai sake zama a tabarmar nan ba. Iliya ne ya kafa wannan, kuma bai taɓa sassautawa ba. Yana cewa shi ya yarda yana saɓon Allah, amma ba zai fiɗe mutum sau biyu ba.

Yanzu sai maganar Baffanka Tasi'u. Kana tuna shi, ƙanena, mai kawo muku alewa, mai ciro kati daga bayan kunnenka kuna dariya. An gaya muku ciwo ne ya kashe shi, kuma gaskiya ne. Abin da ba a gaya muku ba shi ne yadda ya kai ga kwana a cikin tsohuwar mota a gareji.

Ni na ɗauko shi daga ƙauyenmu na ƙasar Rano. Na ce wa Baba, wanda kake da sunansa, ya ba ni shi in nema masa abin yi a birni. Na taimaka masa ya sami babur yana acaɓa. Ni kuma na fara kai shi gindin darbejiyar nan, wai ya jira ni mu tafi gida tare. Tasi'u bai iya wasan ba ko kaɗan. Fuskarsa ba ta ɓoye komai, in ya sami kati mai kyau har kunnensa ke dariya. Kafin shekara ta zagayo ya sayar da babur ɗin a ɓoye.

Ranar wata Asabar ce, farkon damina, an yi yayyafi da safe, tabarmar ma da ɗan danshi. Aka raba kati, sauran suka janye, muka rage mu uku, ni da Iliya da Tasi'u. Sai na ga Tasi'u ya tura abin da ke gabansa, ragowar kuɗin babur ke nan, ya cire hularsa, wata shuɗiya mai aikin hannu da Inna ta saya masa da zai taho, ya ajiye. Ya ce, "Wallahi in wannan ta tafi, gobe motar Rano zan hau. Baba na can yana neman mai riƙe masa garma." Ya yi dariya, amma na san rantsuwar har zuciya ce. Yaron ya gaji. Ina ganin ma so yake a cinye shi ya huta.

Ni da Iliya muka biya daidai nasa. Na dubi Iliya, na ga ya daina tauna goro. Na dubi hannuna, ba ni da komai, ko ɗan abin fita kunya. Iliya ya ƙwanƙwasa tabarma, na ƙwanƙwasa. Aka buɗe kati na huɗu, ya ƙwanƙwasa, na ƙwanƙwasa. Rakiya tana tafiya yadda aka saba. Aka buɗe na biyar, sai ga mai zanen zuciya, ya zama akwai uku irinsa a ƙasa, wato duk mai riƙe da biyu irinsu ya gama da kowa. Ni ba ko ɗaya a hannuna. Amma duk tabarmar nan an san Sabo ba ya ƙarya da kati, shekara biyu ina gina wannan suna.

Iliya ya ƙwanƙwasa. Ni kuwa na tura duk albashina na watan.

Iliya ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Sabo, me kake nema a nan? Gefe babu komai."

Na ce, "Ka bi ko ka bari."

Ya ce, "Ɗan'uwanka ne, ka sani. Ka bari a raka shi gida."

Na ce, "Iliya, wasa muke yi ko wa'azi?"

Ya girgiza kai, ya kife katinsa. Sai muka buɗe ni da Tasi'u. Nawa shara. Nasa ɗan ƙaramin haɗi ne, wanda ko yaro zai iya dokewa, amma ya doke nawa. Ya ci tulin tsakiya, kuɗinsa ya ninka uku. Iliya ya juya katin da ya yar ya nuna mini, biyu masu zanen sarki, ga na uku a ƙasa. Da na bar shi, da ya gama da Tasi'u tun ba a je ko'ina ba. Bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi, "Ba ka taimake shi ba," ya tashi ya koma wurin tayoyinsa.

Na daɗe ina gaya wa kaina tausayi ne ya sa na yi haka. Akwai tausayi a ciki, ba na musu, ɗan'uwana ne ciki ɗaya. Amma yanzu na tsufa, ba ni da wanda zan yi wa ƙarya. Babban abin da ya tura hannuna shi ne kunyar Baba. Na hango Tasi'u ya sauka a ƙauye ba babur, ba komai, Baba ya aiko a kira ni ya tambaye ni ina amanar da ya ba ni. Fuskata na ceta ranar nan, na sa mata sunan ƙanena. In wani naka ya shiga masifa ka ji kana rawar jiki ka rufe maganar da sauri, ka tsaya ka tambayi kanka wa kake rufa wa asiri, shi ko kai.

Tasi'u ya yi ta tsalle, ya tattare kuɗi a gaban rigarsa, ya ruga ya saya wa kowa tsire. Don murna ya manta da hularsa a kan tabarma. Ni na ɗauka na sa a aljihu, na ce in ba shi a gida. Da na miƙa masa sai ya ce, "Riƙe ta, Yaya, ta tsufa, sabuwa zan saya." Bai hau motar Rano ba. Abin da ya koya ranar nan shi ne in mutum ya kai bango ya zuba duka, wani abu yakan faru. Ya yi shekara goma sha ɗaya yana neman wannan Asabar ɗin ta dawo. Iliya ya hana shi zama a tabarmarsa duk da ya ci, sai ya koma wasu wurare inda ba a san rakiya ba, ba a ba da kuɗin mota, ba a mayar da hula.

Ni na bar wasan a daminar nan. Ba wa'azi ne ya hana ni ba, maganar Iliya ce ta hana ni sukuni. Amma na ci gaba da kuskure ɗaya da wata riga. Duk lokacin da Tasi'u ya kai ƙarshe, ni nake zuwa in ɗaga shi. Na sake nema masa babur, ya tafi. Na roƙa masa aikin gadi, ya bari. Matarsa ta gaji ta koma gidansu, na je biko sau biyu da bakina, na yi rantsuwa a madadinsa. Baba ya aiko sau uku a turo masa shi gida, ina cewa ai ya kusa daidaita. Duk wanda ya zo da magani mai ɗaci sai in riga shi da zuma. Garin neman gira muka rasa ido.

Da ciwon ya kwantar da shi, a motar da nake tuƙawa na ɗauko shi daga garejin. Ya yi kwana goma sha biyu a asibiti. Wata rana da la'asar, lokacin dubiya, ina ɓare masa lemo, ma'aikaciyar jinya tana gyara masa ƙarin ruwa, sai ya ce, "Yaya, ka tuna ranar hular nan?"

Na ce na tuna.

Ya ce, "Na ga katinka da aka buɗe. Na san abin da ka yi tun a ranar." Ya karɓi lemon. Sannan ya ce, "Da ka bar Iliya ya cinye ni."

Ba da faɗa ya faɗa ba. Kamar mai cewa da an shuka gero da wuri. Ya sha lemonsa, muka yi wata hirar. Bayan kwana huɗu ya rasu. Na yi kuka ranar, kuma har yau in na bi ta Tarauni na ga darbejiyar nan sai in kau da kai. An ce da na sani ƙeya ce, to ni tawa ta fi fuskata girma.

Saura kuskure ɗaya, kuma kai na yi wa shi. Tun bara na gan ka a ƙofar gida cikin keke, tsakanin fasinja da fasinja, ka duƙa a kan waya. Na wuce ta bayanka na hango kati biyar a jere a kan koren allo. Ba wanda ya isa ya gaya mini mene ne. Na shige gida ban ce uffan ba, don in na yi magana dole ka tambaye ni yadda na sani, ni kuma ina son ka ci gaba da ganina Malam Sabo na sahun gaba. Ka ga, fuskata na sake ceta. Da na kira ka ranar nan na ba ka labarin nan, wataƙila da kekenka yana ƙofar gida. Wannan laifina ne, ina roƙon ka yafe mini. In Allah ya ba ka 'ya'ya, kada ka bari girma ya ɗaure maka baki a kan abin da ka gani da idonka.

To ka tuna zaman da muka yi a zaure ranar Litinin ɗin can. Kai kana rakuɓe a bakin ƙofa, ba ka da sauran komai. Kawunka Sale ya ce, "Ku ba ni shi shekara ɗaya. Buhu zai ɗauka, mudu zai koya, ƙaramar waya mai tocila zai riƙe. In bai dawo mutum ba ku tuhume ni." Mahaifiyarka daga bayan labule tana kuka tana cewa, "Malam, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kana da halin nan, ka fanso masa." Kai kuma ka ɗago ka ce, "Baba, sau ɗaya kawai. Wallahi na daina." Na yarda har zuciya ka faɗa. Tasi'u ma har zuciya ya faɗa.

Abba, ina zaune a wurin nan na ga tabarmar Iliya ta dawo. Ga mai hula a ƙasa. Ga Sale da hannu mai ƙarfi, mai ɗaci. Ga ni da aljihu cike da kati na banza, ba ni da wata dabara da za ta gyara ka, sai kuɗin da zai kori kawunka ya sa mutanen layi su daina nuna gidana. Hannuna har ya kai bakin aljihu, Allah ne shaida. Ka ga na sa yatsa na ƙwanƙwasa tabarma sau biyu kafin in ce Sale ya tafi da kai, wataƙila ka ɗauka tunani nake yi. Ban taɓa yin abin da ya yi mini wuya kamar wannan ba. Da na fanso keken, abin da za ka koya shi ne in ka zuba duka, Baba yana nan. Ni kuwa na riga na binne mutum ɗaya da wannan karatun.

Kuɗin suna nan, ban taɓa su ba, kuma ba zan yi maka alkawarin komai a kansu ba, don alkawari ma wani tulin tsakiya ne da za ka zauna kana hange. Ka je ka yi aiki kamar babu su.

Ga 'yan abubuwan da na sani game da barin wasan, tunda na bi hanyar. Yana da lokacin da yake kiran mutum. Ni nawa bayan azahar ne, hannuna har ƙaiƙayi yake yi. Sai na ɗauki guga in wanke motar asibiti, ko da na wanke ta da safe. Na wanke motar nan har shugabanmu ya ɗauka ƙarin girma nake nema, ya fara yi mini wani kallo. Ka gano naka lokacin, ka tara masa aiki mai nauyi, buhunan kawunka ba za su ƙare ba. Kada ka ari wayar kowa wai ka duba kawai. Kada ka tsaya kallon masu yi, ko na wasa ne ba kuɗi, ni da kallo na kai Tasi'u. Kada ka yi lissafin yadda za ka dawo da abin da ya tafi, ya tafi, ka yi masa Innalillahi kamar yadda ake yi wa mamaci. In abin ya taso maka da ƙarfi, ka gaya wa kawunka da bakinka tun kafin ka yi, ba bayan ka yi ba. Mutum ne mai faɗa, amma ba ya tona asiri. Ka riƙe salla a jam'i, ko don ta raba maka yini gida biyar. Ka riƙa kiran mahaifiyarka ranar Juma'a, ita ba ta yi maka laifin komai ba, har yanzu ma ba ta gama huce mini ba, tuwona kullum a sanyaye yake zuwa.

A ƙasan jakarka, cikin baƙar leda, za ka ga wata shuɗiyar hula da ta koɗe. Ta Baffanka ce. Shekara ashirin da wani abu tana cikin akwatina, mahaifiyarka ta sha tambayata dalilin ajiye tsumma. Jiya na kai an wanke ta, an ɗora a kan gungume ta miƙe. Ranar can mai ita bai faɗi ba, shi ya sa ba a miƙa masa a kan tabarma ba, da na kai masa gida kuma bai karɓa ba, ya tafi da kansa a buɗe har ƙarshen ransa. Kai ka faɗi, ɗana, faɗuwa sosai, kuma na tsaya na bari ka faɗi. A ƙa'idarmu wanda ya faɗi yana da kuɗin mota, na ba kawunka. Ba ya sake zama a tabarma, wannan yana hannunka. Sannan ana miƙa masa hula, don ita ba ta shiga ci. Ga ta nan na miƙa maka.

Allah ya kai ka lafiya, ya sa ka a hannun nagari, ya raba ka da abin da ya fi ƙarfinka. Allah ya sanya albarka a guminka, ya jiƙan Tasi'u, ya yafe mini abin da na yi masa. In ba ka so ka kira ni yanzu, ba komai, zan riƙa jin labarinka a bakin mahaifiyarka. Amma ranar da za ka dawo, ko da shekara ce ko ta fi, zan kasance a ƙofar gida, kuma kanka zan fara duba.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sabo